Ruwan toka ba iri ɗaya ba ne: zaɓen fentin ƙaramin jirgin yaƙi da haɗa shi

Tambaya: Wani ɗan'uwa daga Daura ya ce yana haɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba, irin waɗanda ke zuwa gunduwa-gunduwa a kwali. Yanzu yana da F-16 mai ma'aunin 1/48 da F/A-18 mai 1/72. Ya gauraya baƙi da fari ya fesa wa F-16 ɗin, sai ya fito shuɗi-shuɗi kamar an shafa masa siminti, jikinsa kuma ya yi kaushi. Takardar cikin kwalin tana ta ambaton lambobi irin su FS 36118 da FS 36270. Me suke nufi, wane fenti zai saya, in kuma bai samu ba yaya zai haɗa da kansa?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Jirgin nan bai lalace ba, zai gyaru. Abin da ya same shi daga wuri uku ya fito: haɗin launin, hasken da ka duba shi a ciki, da busasshiyar iskar ƙasarmu. Bari mu fara da lambobin, tunda su ne suka fi ɗaure maka kai.

FS kundin launuka ne na gwamnatin Amurka, cikakken sunansa Federal Standard 595, an fara fitar da shi a 1956. A 2017 kula da shi ya koma hannun ƙungiyar injiniyoyi ta SAE, sunan ya zama AMS-STD-595, amma lambobin na nan yadda suke, masu harkar kuma har yau FS suke cewa. Kowane launi lamba biyar gare shi. Ta farko sheƙi take nunawa: 1 mai sheƙi, 2 tsaka-tsaki, 3 marar sheƙi. Ta biyu dangin launin ce: 6 ruwan toka, 5 shuɗi, 4 kore. Ukun ƙarshe kuwa gwargwadon haske ne, suna hawa launin yana ƙara haske. Ke nan kana ganin 36118 ka san ruwan toka ne marar sheƙi mai duhu, 36375 kuma ɗan'uwansa ne mai haske. Haka 16440 da 36440 launi guda ne, sheƙi kaɗai ya raba su.

F-16 na sojan saman Amurka a tsohon fentinsa launi uku yake ɗauka: 36118 a gadon baya da saman fukafukai, 36270 a gaba da jela, 36375 a ciki, wato ƙasan jirgin. Daga baya aka bar na ukun, ciki ma ya koma 36270, don haka duba shekarar jirgin da sitikar kwalinka take wakilta. F/A-18 na sojan ruwa 36320 ne a sama, 36375 a ƙasa. A-10 ma su biyun nan yake sawa. F-15C da su ya fara kafin a mayar da shi 36176 da 36251, F-15E kuwa 36118 ne kaf. F-35 yana sa 36170. Cikin ɗakin matuƙi a yawancin jiragen Amurka 36231 ne. Akwai kuma 35237, wanda lambarsa ta biyu 5 ce, wato a dangin shuɗi aka jera shi, amma ido ruwan toka yake gani. Shi ne a saman F-14 na ƙarshen zamaninsa, kuma shi ne fentin Eurofighter na Jamus. Ingila nata kundin daban, BS 381C, nata Eurofighter ɗin, wato Typhoon, lamba 626 yake sawa.

In kana da wanda zai kawo maka fenti, ka huta da haɗi. A Mr. Color, C305 shi ne 36118, C306 shi ne 36270, C307 shi ne 36320, C308 shi ne 36375, C317 na ɗakin matuƙi, C337 kuma 35237. Na ruwansu, Aqueous, yana da H305 zuwa H308 a kan wannan jerin. A Humbrol, 125 yana madadin 36118, 126 madadin 36270, 127 madadin 36375, 128 madadin 36320. Sai dai ka sani Mr. Color da gwangwanin feshi suna kama wuta, shi ya sa masu jigilar kaya ta jirgin sama kan ƙi ɗaukarsu. Fentin ruwa ya fi sauƙin isowa Katsina.

To ga abin da na fi so ka riƙe. Lamba ɗaya a kwalaben kamfani uku, in ka fesa su jere, launi uku za ka gani. Wani ya karkata shuɗi, wani kore, wani ya fi duhu. Jirgin gaskiya ma ranar da ya fito daga rumfar fenti kaɗai yake daidai da kundin. Rana da hayaƙi da mai da takalman makanikai duk suna sauya shi. Don haka kada ka wahalar da kanka neman launi guda wanda ya dace da kundi tsaf. Abin da ido yake kamawa shi ne tazarar da ke tsakanin launukan da ke jikin jirgi ɗaya. A F-16, 36118 da 36270 dole su rabu sarai, mutum ya ga iyakarsu daga bakin ƙofa. A F/A-18 kuwa 36320 da 36375 kusan tagwaye ne, sai an matso ake ganin inda ɗaya ya ƙare. Wanda ya sa wa F/A-18 tazara mai faɗi ya ɓata shi ko da duka kwalaben biyu na ɗauke da lambar da ta dace. Saboda wannan ne nake ganin duk launukan jirgi ɗaya su fito daga kamfani ɗaya, ko daga haɗi ɗaya, don karkatarsu ta tafi gefe guda.

Dalilin shuɗin da ka gani kuwa, baƙin da ake yin fenti da shi idan fari ya sirka shi shuɗi yake karkata, ba toka tsantsa ba. Maganinsa ɗigon ruwan ƙasa: ɗigo ɗaya a cikin kamar talatin, ka juya, ka duba, ka ƙara in da bukata. Amma baƙi da fari mafari ne mai wahala, don baƙi yana da ƙarfi, ɗigo ɗaya ya wuce gona da iri sai ka zuba fari mai yawa kafin ka dawo hanya. Ya fi sauƙi ka fara da ruwan toka da aka riga aka haɗa.

In Tamiya ka samu, kwalba biyar ta ishe ka jiragen nan biyu: XF-2 fari, XF-24 toka mai duhu, XF-53 toka matsakaici, XF-18 shuɗi mai toka-toka, da XF-64 ruwan ƙasa. Don 36118 fara da kaso 5 na XF-24 da kaso 1 na fari. Don 36270, kaso 3 na XF-53 da kaso 1 na fari, ba shuɗi, domin shi ne mafi tsantsar toka a cikinsu. Don 36320, kaso 3 na XF-53 da kaso 2 na fari, da ɗan XF-18 gwargwadon abin da tsinken sakace zai ɗauko sau biyu. Don 36375, XF-53 da fari rabi da rabi, da irin wannan ɗan shuɗin. Hanya mafi kyau ga na ƙarshen ita ce ka haɗa 36320 da yawa, ka raba biyu, ka ƙara wa rabi fari. Ta haka tagwayen ba za su saɓa ba. Waɗannan alƙaluma wurin farawa ne, gwaji ne zai tsayar maka da na ƙarshe.

Da sirinji za ka auna, irin mai mililita 1 ko 5 da ake samu a kemis, ka cire allurar. Ƙirga ɗigo yana yaudara, saboda fari ya fi kauri, ɗigonsa ya fi na toka girma. Kafin ka ɗiba, juya kowace kwalba har ƙasa na minti biyu da ɗan ƙarfe ko tsinke. Girgizawa kaɗai ba ta tayar da garin da ya kwanta, kuma wanda ya ɗebi saman kwalba yau ya ɗebi ƙasanta gobe launi biyu zai samu. Mai duhu ake ɗigawa cikin mai haske, ba a juyawa. Haɗa fiye da bukatarka, kamar mililita 6 na kowane babban launi ga F-16 mai 1/48, a kwalbar gilashi mai murfi, ka rubuta haɗin a jikinta. Ranar da tef ya ɓare maka wani wuri ko ka manne makami gam ya taɓa fenti, ragowar nan ce za ta cece ka, don sabon haɗi ba ya taɓa fitowa daidai da tsohon.

Kada ka gauraya dangi biyu. Humbrol na gwangwani mai ne, Tamiya XF da Aqueous na ruwa da sifirit ne, su biyun nan suna shiga juna. Vallejo kuwa in sifirit ya taɓa shi dunƙulewa yake yi kamar kindirmo ya toshe maka bindigar feshi, ruwan sirkinsa kawai yake so.

Yanzu gwaji. Sayi cokulan roba farare na cin shinkafa guda goma. Fesa musu faraimar da za ka sa wa jirgin, wato fentin shimfiɗa na farko, domin toka a kan farar shimfiɗa da toka a kan baƙa ba ɗaya suke fitowa ba. Fesa haɗinka a bayan cokali, rubuta lambarsa a mariƙin, ka bari ya bushe awa guda. Jiƙaƙƙen fenti ba launinsa ke nan ba. Sannan ka shafa wa rabin cokalin banish ɗin da za ka gama da shi. Mai sheƙi yana ƙara duhu, marar sheƙi yana dawo da haske, don haka launin da za ka yanke hukunci a kai shi ne wanda ya sha banish na ƙarshe. Ɗauki cokulan ka fita da hantsi, ka tsaya a inuwar zaure ko ƙarƙashin dalbejiya, ka haɗa su kafaɗa da kafaɗa. Kada ka duba a tsakar rana, hasken Daura da azahar yana wanke duk toka ta koma fari. Kada kuma ka duba a ƙarƙashin ƙwan sola, yawancinsu haskensu shuɗi-shuɗi ne. Mai yiwuwa rabin shuɗin da ya tayar maka da hankali daga ƙwan ɗakinka ya fito. Bangon ɗaki ma yana da tasiri, in kore ne zai zuba wa toka kore.

Allon waya ba abin auna launi ba ne. Hoto ɗaya a waya biyu launi biyu ne. Abin da hoto zai ba ka shi ne tazara da inda datti yake taruwa. In za ka duba, nemi hoton da aka ɗauka jirgi yana ƙasa, cikin inuwar gajimare, kuma ka lura da wani abu fari a ciki, kamar ramin taya: in farin ya yi ɗorawa-ɗorawa, to duk hoton haka ya karkata.

Akwai maganar hasken nesa, wadda ake yawan jayayya a kanta. Ka san yadda Hasumiyar Gobarau take yin fari-fari in ka hango ta daga nesa da hunturu, ka matso kuma jan ƙasarta ya fito. Iskar da ke tsakaninka da abu tana rage masa duhu. F-16 tsawonsa kusan mita 15 ne, a 1/48 ya dawo kamar santimita 31. In ka tsaya mita ɗaya daga shi, kamar ka tsaya mita 48 ne daga na gaskiya. Shi ya sa masu harkar ke ƙara fari: abin da aka fi bi shi ne kamar kashi 7 cikin 100 a 1/32, kashi 10 a 1/48, kashi 15 a 1/72. Ni ina ganin masu duhu ne ke bukatar wannan, irin 36118 da 36176, waɗanda in an fesa su yadda suke sai ƙaramin jirgi ya yi kama da gawayi, zanen jikinsa ya ɓace. Masu haske irin 36375 a bar su, in an ƙara musu fari alli suke komawa. Kuma da toka mai haske ya fi kyau a haskaka mai duhu, ba da fari tsantsa ba: zuba ɗan 36270 a cikin 36118, zai yi haske bai yi fatsi-fatsi ba.

Kafin ka haskaka komai, ɗauko takardar sitika. Tambura da rubutun jiragen zamani su ma ruwan toka ne, an buga su ne don su fito a kan ainihin launin. A F-16 akwai rubutu mai haske da ke zama a kan 36118, akwai mai duhu da ke zama a kan 36270. In ka haskaka fentinka da yawa, mai hasken zai nutse, ka manna tambari ka neme shi ka rasa. Yanki wata sitika da ba za ka yi amfani da ita ba, ka manna a cokalin gwaji. In ta fito, ci gaba. In ta ɓace, fentin za ka gyara, tunda sitika ba ta gyaruwa. Wannan kuskure ne mai ciwo, domin sai an gama duk wahalar ake gano shi.

Kaushin da ka gani kuwa aikin iska ne. Da hunturu iskarmu ba laima, daga Maris zuwa Mayu kuma zafi yana haura digiri 40. Fentin da ya fito daga bakin ƙaramar bindigar feshi yana bushewa kafin ya isa jikin roba, sai ya sauka kamar gari. Shafa yatsa a inda fiffike ya haɗu da gangar jiki, da tsakanin jelolin F/A-18 guda biyu, nan ya fi taruwa, saboda iska tana juyawa a lungun. Kaushin nan ba muni kaɗai yake jawowa ba: yana sa launi ya yi haske fiye da yadda ka haɗa, kuma yana riƙe iska a ƙarƙashin sitika ta riƙa ƙyalli kamar azurfa.

Sirka fentin sosai, kaso 1 na fenti da kaso 1 da rabi zuwa 2 na ruwan sirki, har ya yi kamar madarar da ba a dama da kauri ba. In ka samu Mr. Color Leveling Thinner, shi ya fi dacewa da yanayinmu, don yana jinkirta bushewa, kuma yana sirka Tamiya XF ma. In X-20A gare ka, wato ruwan sirkin Tamiya, ɗiga masa ruwan jinkirta bushewa na Tamiya, kada ya wuce kaso 1 cikin 10 na fentin. Rage ƙarfin iska zuwa psi 12 ko 15 a agogon kwamfireso, matso da bindiga santimita 5 zuwa 8, ka yi shafi uku siri-siri maimakon ɗaya mai kauri. Yi feshi da sassafe bayan asuba kafin gari ya ɗau zafi, yayyafa wa daɓe ruwa don ƙura ta kwanta, kana gamawa ka kifa wa jirgin robar wanki mai tsabta. Da damina matsalar juyawa take yi: ruwa yana taruwa a tiyo ya tofo maka a kan aiki, banish marar sheƙi kuma ya yi fari kamar an barbaɗa gishiri. A watan Agusta ka riƙa zubar da ruwan tankin kwamfireso, kuma kada ka fesa banish ranar da hadari ya haɗo.

In duk waɗannan fentin sun gagara, masu haɗa fentin mota suna da ido, in ka kai musu cokali za su haɗa maka toka kusa da shi. Amma tinarsu tana cin roba, tana narkar da zanen jikin jirgi. Sai da faraima a ƙasa, shafin farko kuma kamar hazo, a bari ya bushe kafin na biyu. Da tinar mota da Mr. Color duk ba a fesa su a rufaffen ɗaki, ko kusa da murhu, ko inda yara suke. Takunkumin yadi ba ya tare tururinsu, sai mai matatar gawayi.

Game da F/A-18, kada ka yi masa fenti sumul. Jiragen sojan ruwa gishirin teku suke sha, makanikai na ta bin wuraren tsatsa suna shafa sabon fenti, sai jikin ya zama dabbare-dabbare, faci a kan faci. Daga haɗinka na 36320 ɗebi kaɗan ka ƙara masa ɗigon fari, wani kaɗan ka ƙara masa ɗigon XF-24, ka sirka su sosai, kaso 1 na fenti da kaso 4 na ruwan sirki, ka bi gefen ƙofofin gyara da gadon baya inda ake takawa. A 1/72 ka taƙaita, bambancin ya zama sai an lura. Layukan jikin jirgi kuma kada ka cika su da baƙi, a kan toka mai haske yana fitowa kamar an ja da biro. Toka mai duhu da aka ɗiga wa ruwan ƙasa ya fi. F-16 ya fi tsabta, sai dai hancinsa inda na'urar rada take yakan bambanta da sauran jikin, sau da yawa ya fi duhu, don haka fesa shi daban. In ka kai ga F-35 wata rana, tokarsa tana da ɗan ƙyallin ƙarfe da ke sauyawa da haske, ɗigon ruwan azurfa ɗaya a cikin ashirin yana kawo shi kusa.

Ranar da ka samu JF-17 kana son yi masa fentin sojan saman Najeriya, waɗanda suka karɓi guda 3 a 2021, hanyar cokalin nan ce dai: tara hotuna da yawa na jirgi ɗaya, ka tsayar da mai hasken tukuna, sannan ka ɗebi rabinsa ka duhunta har tazarar ta yi kama da ta hoton.

Shi kuma F-16 da ke hannunka, in kaushi ne kawai, jiƙa samfefa mai lamba 1500 ko 2000 ka goge a hankali har ya yi santsi, ka wanke, ka fesa sabon launi a kai. Tsohon ya zama shimfiɗa. In fentin ya yi kauri har ya cike layuka, kuma na ruwa ne irin Tamiya, sifirit na kemis da tsohon buroshin haƙori za su cire shi. Rufe gilashin ɗakin matuƙi da tef tukuna, ko ka ɓalle shi ka ajiye gefe. Fara da 36270 a duk jiki, ka ba shi kwana ɗaya, sannan ka kawo 36118 a sama. Iyakar da ke tsakaninsu ba kaifi gare ta ba, don haka yanki takarda a siffar layin, ka ɗaga ta kamar milimita 2 daga jikin jirgin da ɗan naɗaɗɗen tef a ƙarƙashi, ka fesa daga sama kai tsaye, ba ta gefe ba.